Yadda zaka fara nazarin mujallun adabin Sin na zamani, mataki bayan mataki

Duk wanda yake son sanin adabin ƙasar Sin na ƙarni na 20 da gaske, ba makawa sai ya koma kan mujallu. Kusan duk wani labari ko waƙa ko maƙala da Sinawa suke taƙama da ita yau, a mujalla ko a shafin adabi na jarida ta fara fitowa kafin ta zama littafi, kuma da yawa ma basu taɓa zama littafin ba, suna nan kwance a tsofaffin shafuka. Matsalar ita ce yawancin ɗalibai littafin da aka tattara daga baya suke karantawa, su ɗauka sun ga komai, alhali abinda suka gani zaɓin wani ne, wani edita ne ko wani kwamiti ya zauna ya ce wannan ya shiga wancan ya fita. To wannan jagorar ta mai son ya je ya gani da idonsa ce.

Matakin farko: ka san waɗanda suka riga ka, da abinda suka ɓoye

Kafin ka buɗe mujalla ko ɗaya, ka fara sanin tarihin nazarin kansa, don shi ne zai gaya maka dalilin da yasa wasu sunaye suke ko'ina wasu kuma shiru kamar ba'a taɓa yinsu ba.

Abin ya faro ne tun masu abin suna raye. A 1935 zuwa 1936 wani matashin edita Zhao Jiabi na kamfanin Liangyou a Shanghai ya fitar da babban kundi mai juzu'i 10 na "sabon adabi", wato adabin da aka fara rubutawa da harshen bakin mutane maimakon tsohon salon malamai, wanda ya tattara rubuce-rubucen 1917 zuwa 1927. Waɗanda suka zaɓi abinda zai shiga su ne dai jagororin tafiyar, su Hu Shi, Lu Xun, Mao Dun, Zheng Zhenduo, Yu Dafu da sauransu, kaga kenan 'yan wasa ne suka zama alƙalan wasa. Juzu'i na 10 wanda A Ying ya shirya shi ne ya jera mujallu da bayanan tarihi, kuma har gobe yana da amfani, amma dai mujallun ɓangarensu ne a ciki. Mujallun nishaɗi da talakan birni yake saye da kuɗinsa, waɗanda aka laƙaba wa marubutansu sunan 'yan "agwagi da malam-buɗe-littafi" saboda yawan labarin soyayya, an barsu a waje. Wanda ya san yadda aka daɗe ana kallon littattafan soyayya na kasuwar Kano a jami'o'inmu kafin a yarda a nazarce su, zai gane abinda nake nufi nan take.

Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949 sai siyasa ta ƙara tace abin. Tarihin adabin da Wang Yao ya rubuta a farkon shekarun 1950 ya zama abin koyarwa, kuma layin da aka bi shi ne mujallun 'yan gurguzu su ne gaba, sauran ko dai a soke su ko a yi shiru. Da aka kama Hu Feng a 1955, mujallarsa Qiyue ta lokacin yaƙi da Japan ta zama abinda ba'a iya taɓawa sai da zagi, har zuwa wajen 1980 da aka fara wanke shi. A Amurka kuma C.T. Hsia ya fitar da nasa tarihin a 1961 ya ɗaga su Zhang Ailing da Shen Congwen waɗanda can gida aka ajiye gefe, shima dai da nashi ra'ayin na adawa da gurguzu.

Daga ƙarshen shekarun 1970 ne ƙofa ta buɗe. Mujallar Xin wenxue shiliao ta fara fitowa a 1978 tana buga tunanin tsofaffin marubuta da takardun tarihi. A 1985 Huang Ziping, Chen Pingyuan da Qian Liqun suka kawo shawarar a kalli adabin ƙarni na 20 gaba ɗaya a matsayin abu guda, a 1988 kuma Chen Sihe da Wang Xiaoming suka buɗe fili a wata mujallar Shanghai mai kiran a sake rubuta tarihin adabi. A waje Perry Link ya rubuta littafi sukutum kan marubutan nishaɗin nan a 1981, Denise Gimpel ta bi shekarun farko na mujallar Xiaoshuo yuebao a 2001, sai Michel Hockx a 2003 da littafinsa kan ƙungiyoyin marubuta da mujallu daga 1911 zuwa 1937. Idan lokacinka kaɗan ne, na Hockx ɗin nan zaka fara nema, don shi ya fi zama kan yadda ake karatun mujalla ita kanta.

Mataki na biyu: ka zana taswira a kanka

Ba sai ka haddace ɗaruruwa ba, amma akwai wasu da dole ka san inda suke tsaye. Ana yawan fara ƙirga da Yinghuan suoji ta 1872 wadda gidan jaridar Shenbao ya fitar a Shanghai. Sai Xin xiaoshuo da Liang Qichao ya kafa a 1902 a Yokohama ta Japan lokacin yana gudun hijira, inda ya dage cewa ƙagaggen labari zai iya gyara al'umma. Xiaoshuo yuebao ta babban kamfanin ɗab'i na Shangwu ta fara a 1910. Libailiu, wato Asabar, uwar mujallun nishaɗi, ta fito 1914 zuwa 1916, ta dawo 1921 zuwa 1923, fitowa 100 a kowane zango. Xin qingnian, Sabbin Matasa, Chen Duxiu ya kafa ta a watan Satumban 1915, a ciki Hu Shi ya buga kiransa na gyaran adabi a Janairun 1917, a ciki kuma labarin Lu Xun na kundin mahaukaci ya fito a fitowar Mayun 1918, daga baya ta koma mujallar jam'iyyar kwaminis kafin ta tsaya a 1926.

Shekarun 1920 na ƙungiyoyi ne, kowace ƙungiya da mujallarta da abokan faɗanta: ƙungiyar nazarin adabi ta 1921, ƙungiyar Chuangzao ta su Guo Moruo da Yu Dafu da aka kafa a Tokyo a shekarar, mujallar Yusi ta 1924, mujallar Xinyue ta su Xu Zhimo a 1928. A 1932 Shi Zhecun ya fara Xiandai, Lin Yutang kuma ya fara Lunyu mai barkwanci. Bayan juyin juya halin 'yan gurguzu akwai Renmin wenxue ta Oktoban 1949, Shouhuo ta Ba Jin da Jin Yi a 1957, da Jintian da Bei Dao da Mang Ke suka fitar ba da izinin hukuma ba a Disamban 1978, aka rufe ta a 1980.

Kar ka manta da shafukan adabi na jaridu, waɗanda ake kira fukan. Labarin Ah Q na Lu Xun a shafin jaridar Chenbao ta Beijing ya dinga fitowa kashi-kashi daga Disamban 1921 zuwa Fabrairun 1922.

Mataki na uku: harshe

Gaskiya ɗaya ce, ba Sinanci ba zaka yi nisa ba. Kuma Sinancin da ake koyarwa a aji yau bai isa ba shi kaɗai, don sauƙaƙan haruffa sai daga 1956 aka fara su, duk abinda aka buga kafin nan da tsofaffin haruffa ne, galibi layi daga sama zuwa ƙasa, ana tafiya daga dama zuwa hagu, wani lokacin babu aya babu waƙafi. Mujallun kafin 1920 kuma da yawan rubutunsu da tsohon salon malamai ne da ake kira wenyan, wanda ya sha bamban da baihua na bakin mutane. Don haka ka ware lokaci ka koyi tsofaffin haruffa tun yanzu, ka ɗan taɓa wenyan ko na zango ɗaya ne. Manhajar Pleco a waya zata taimaka sosai, kana iya zana harafin da baka gane ba da yatsa ta nemo maka. In har yanzu kana matakin koyo, ka fara da bango, jerin abubuwan ciki da talla, su gajeru ne kuma suna maimaita kansu, a nan idonka zai saba.

Mataki na huɗu: zaɓi ɗaya, ka nemo ta

Mujalla ɗaya, shekara ɗaya ko biyu. Kar ka yarda zumuɗi ya sa ka ce zaka yi "mujallun Shanghai na shekarun 1930", wannan aikin rayuwa ne, babban jerin da Liu Zengren da abokan aikinsa suka fitar a 2015 na mujallun adabi daga 1872 zuwa 1949 ya haura suna dubu goma. Ni a ganina wuri mafi daɗi ga mai farawa shi ne lokacin da mujalla ta canza hannu, don a nan ake ganin komai a fili. Misali Xiaoshuo yuebao ta 1920 da ta 1921: a Janairun 1921 Mao Dun ya karɓi ragama ya juya ta zuwa sabon adabi, ka ajiye fitowar Disamba kusa da ta Janairu ka ga me ya tafi, me ya zauna.

Wajen nema, ka fara da littattafan jeri. Akwai haɗaɗɗen jerin mujallun Sinanci na 1833 zuwa 1949 da ɗakin karatu na Beijing ya fitar a 1961, yana nuna wane laburare ke da wace fitowa. Akwai kuma wanda Tang Yuan da abokansa suka tattara a 1988, wanda ya kwafo jerin abubuwan cikin mujallun adabi fitowa bayan fitowa, da shi zaka san abinda ke ciki tun kafin ka samu mujallar.

A intanet babban rumbu shi ne na ɗakin karatu na Shanghai, Quanguo baokan suoyin, yana da na ƙarshen daular Qing, daular sarakuna ta ƙarshe a Sin, da na zamanin jamhuriya daga 1912 har 1949, sai rumbun Dacheng, amma duka biyun na kuɗi ne, sai jami'ar da ta biya. In jami'arku bata da su kar ka karaya. Jami'ar Heidelberg ta Jamus tana da rumbu mai suna ECPO a buɗe kyauta, da mujallun mata da na nishaɗi a ciki shafi-shafi har da talla, jami'ar Columbia ta saka mujallar mata ta Linglong ta shekarun 1930, sannan cibiyar nazarin adabin Sin na zamani ta MCLC a jami'ar jihar Ohio tana da dogon jerin abinda aka rubuta kan mujallu. Shawarata ka duba abinda zaka iya samu cikakke tukuna sannan ka yanke batun bincikenka, ba ka yanke batu sannan ka zauna jiran abinda bazai zo ba.

Mataki na biyar: karanta fitowa ɗaya daga bango zuwa bango

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin ha'inci. Rumbunan intanet suna baka damar rubuta sunan marubuci su zubo maka maƙalunsa ɗaya-ɗaya a yanke, ka sauke ka tafi, baka san me ke shafin gaba ba. Hockx ya kira ɗaya hanyar karatun kwance, wato ka ɗauki fitowa guda a matsayin rubutu guda wanda mutane da yawa suka haɗu suka yi, ka karanta ta yadda mai saye ya karanta a ranar da ta fito.

Ga yadda zaka yi. Buɗe Excel ko ka samu littafin rubutu mai faɗi, kowane abu a fitowar ya samu layinsa: shafi, take, sunan da aka sa, irin rubutun, da wane salon harshe, fassara ce ko ƙirƙira, in fassara ce daga wace ƙasa. Ka sa hoton bango, hotunan farko, sanarwar edita, wasiƙun masu karatu, kiran a turo rubutu, farashi, adireshin kamfani, wuraren da ake sayarwa, da kowace talla, ta magani ce ko ta sigari ko ta littattafan makaranta. Zai ci lokaci, fitowar farko zata iya cinye maka sati, amma daga ta uku ta huɗu zaka fara ganin abinda babu wanda ya gaya maka. Zaka ga misali mujallar da ake kira ta tsofaffin ra'ayi cike take da fassarar labaran Turai da bayanin kimiyya. Zaka ga cewa labarin Lu Xun na farko, wanda ya rubuta da wenyan, a Xiaoshuo yuebao ya fito a 1913 ƙarƙashin edita Yun Tieqiao, tun kafin a san da wani juyin adabi. Zaka ga Zhang Ailing da ake ɗauka yau a sahun gaba, a 1943 a mujallar Ziluolan ta Zhou Shoujuan ta fito da labaranta na farko da suka yi suna, shi kuwa Zhou jigo ne a marubutan nishaɗin da aka raina. Katangar da littattafan tarihi suka gina tsakanin ɓangarorin biyu, a shafukan mujalla bata kai tsayin haka ba.

Ka kula da kwafin da kake karantawa. Ɗakunan karatu da yawa in zasu ɗinke fitowar shekara wuri ɗaya sukan cire bango da shafukan talla, wasu sake-bugun ma haka, to in ka ga mujallar kasuwa babu talla ko ɗaya, ka zargi kwafin kafin ka yanke hukunci kan mujallar. In da hali ka gwada kwafi biyu daga wurare daban.

Mataki na shida: tarkuna

Kwanan wata. Daga 1912 zuwa 1949 da shekarar jamhuriya aka dinga ƙirga, sai ka ƙara 1911, shekara ta 7 ita ce 1918. Kafin nan da shekarar sarautar sarki ake yi da watannin gargajiya, shekara ta 28 ta sarki Guangxu ita ce 1902, ta 2 ta Xuantong ita ce 1910, kuma watan ƙarshe na shekararsu yakan faɗa cikin Janairu ko Fabrairun shekarar gaba, don haka ka yi amfani da na'urar juya kwanan wata irin ta cibiyar bincike ta Academia Sinica da ke Taiwan. Sannan ranar da aka buga a jikin mujalla ba lallai ita ce ranar da ta shiga kasuwa ba, jinkiri ya zama ruwan dare musamman a mujallun ƙungiyoyi marasa kuɗi. In hujjarka ta dogara kan wa ya riga wa magana, ka nemi tallar fitowar a jarida kamar Shenbao, ko kundin tunanin wani marubuci da ya rubuta ranar da ta iso hannunsa.

Sunan alƙalami. Lu Xun sunansa Zhou Shuren, kuma ya yi amfani da sunaye sama da ɗari, labarin Ah Q ma da sunan Ba Ren ya fito. Mao Dun shi ne Shen Yanbing, sai 1927 ya fara sa wancan sunan. Akwai ƙamus na sunayen alƙalami, kamar na Xu Naixiang da Qin Hong na 1988, ka riƙe shi kusa. Kuma sunan mace a ƙarƙashin labari ba hujja bace cewa mace ta rubuta, maza sun yi ta fakewa da sunan mata a mujallun shekarun 1910.

Wasiƙun masu karatu ma a yi hattara. A fitowar Maris 1918 ta Xin qingnian an buga wasiƙar wani Wang Jingxuan yana caccakar sabon adabi, Liu Bannong ya bashi doguwar amsa mai zafi. Ashe babu wani Wang Jingxuan, Qian Xuantong ne ɗaya daga cikin editocin ya rubuta, don sun gaji da shirun da abokan hamayya suka yi musu. Wanda bai san wannan ba zai kawo wasiƙar a matsayin ra'ayin jama'a.

Mataki na bakwai: gwada na mujalla da na littafi

Ka ɗauki rubutu ɗaya daga mujallarka ka ajiye shi gefe da wanda ke cikin tarin ayyukan marubucin, ka bi layi-layi. Marubuta da yawa sun gyara ayyukansu bayan 1949 don su dace da sabon zamani. Labarin Lao She na mai jan keken ɗaukar mutane ya fito kashi-kashi a mujallar Yuzhou feng daga 1936 zuwa 1937, amma a bugun 1955 an yanke ƙarshensa inda jarumin ya lalace gaba ɗaya. Duk bambancin da ka samu ka rubuta shi da lambar shafi na ɓangarorin biyu, sau tari daga nan maƙala mai kyau take fitowa.

Mataki na takwas: bi sawun kuɗi da hukuma

Wa ya biya kuɗin bugu, wa yake biyan marubuta? Xiaoshuo yuebao tana biya ne kan kowane harafi dubu, daraja-daraja, ita kuwa Xin qingnian a 1918 ta sanar cewa ta daina sayen rubutu, editocinta ne zasu dinga rubutawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mujallu iri biyu ne, ɗaya kasuwa ɗaya ƙungiya. Kuma kamfanin Shangwu da ya baiwa Mao Dun mujalla a 1921, shi ne dai ya buɗe Xiaoshuo shijie a 1923 don kar ya rasa masu son nishaɗi. Ƙarshen Xiaoshuo yuebao ma ba faɗan adabi ne ya kawo shi ba, bama-baman Japan ne suka ƙone kamfanin a Janairun 1932, har da rubutun wani littafin Lao She da ke jiran bugu. Littafin Christopher Reed na 2004 kan harkar ɗab'i a Shanghai zai buɗe maka wannan ɓangaren.

Hukuma kuma tana nan tun farko. An haramta mujallar Meiyu da mata suke shiryawa a 1916 bisa zargin batsa. Mujallun ƙungiyar marubutan hagu, wato masu ra'ayin gurguzu, da aka kafa a Maris 1930 sukan yi 'yan fitowa kaɗan a rufe su, su dawo da wani suna, a 1934 kuma gwamnatin jam'iyyar Kuomintang mai mulki a lokacin ta kafa kwamitin tace littattafai da mujallu a Shanghai. In ka ga alamar XX a tsakiyar jimla ko fili fari a shafi, ka rubuta shi a jadawalinka kamar yadda zaka rubuta maƙala.

Mataki na tara: rubutu

Tambayarka ta fito daga jadawalin, ba daga abinda ka riga ka karanta a littafin tarihi ba. Wace ƙasa aka fi fassarawa a shekarar, kuma yaushe abin ya canza? Xiaoshuo yuebao ta ware fitowar Oktoban 1921 ga adabin al'ummomin da aka zalunta, ɗalibi daga Afirka kuwa yana da fili babba a mujallar fassara ta Yiwen da aka fara a 1953 aka canza mata suna zuwa Shijie wenxue a 1959, ya bi ya ga waɗanne marubutan Afirka aka fassara, ta wane harshe aka bi, me aka ce a kansu a gabatarwa. Bayan ka samu amsarka sai ka koma kan su Zhao Jiabi da Wang Yao da Hsia ka nuna inda abinda ka gani ya yi daidai da nasu da inda ya saɓa.

Wajen kawo madogara ka sa sunan da aka buga a mujallar sannan sunan gaskiya in an tabbatar, take da haruffan Sinanci da pinyin, wato rubutun Sinanci da haruffan boko, lambar juzu'i da ta fitowa, kwanan watan da ke jiki da wanda ka juya, da kwafin da ka yi amfani da shi, na asali ne ko sake-bugu ko na wane rumbu. Mujallu da yawa na lokacin kowace maƙala daga shafi na 1 take fara ƙirga nata, don haka lambar shafi kaɗai bata isa ba, ka haɗa da taken maƙalar ko sashen da take ciki.